Waƙa Daga Bakin Ruwa: Abin Da Ƙauye Ke Ba Mawaƙi, Da Abin Da Zai Ba 'Ya'yanki

 

Na san ba za ki rasa wata waƙa da kike rerawa ƙasa-ƙasa ba idan kina wanke-wanke ko kina jijjiga jariri. Wataƙila ma a cikin 'ya'yanki akwai wanda bakinsa ba ya zama shiru, duk abin da ya gani sai ya ɗora masa kari ya mayar da shi waƙa. To, kin taɓa tambayar kanki inda mawaƙi na ƙwarai yake samo maganganun da yake jerawa, har mai sauraro ya ji kamar da shi ake? Baiwa dai daga Allah take, wannan babu ja. Amma baiwa kamar iri ce, sai ta sami ƙasa mai kyau take tsirowa. Idan kika bi tarihin manyan mawaƙa, za ki tarar da yawansu a ƙauye suka sami wannan ƙasar, wajen zama da mutane da sauraron yadda suke magana da yadda suke aiki. A wannan wata za mu fara daga bakin kogi a ƙasar Mali, mu dawo gida Karaye da Rogo, domin ki ga abin da hutun mako biyu a ƙauye zai iya sa wa a kunnen ɗanki da bakinsa.

Mawaƙin da ya koma bakin kogi

An haifi Ali Farka Ture a shekarar 1939 a wani ƙauye da ke gefen Kogin Kwara, wato Neja, a arewacin Mali, ya kuma tashi a garin Niyafunke da ke yankin Tambutu. Shi ne ɗa na goma a wajen mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ne ya rayu, sauran duk sun rasu tun suna ƙanana. Ya yi aiki a gidan rediyon Mali a shekarun 1970, daga baya kiɗansa ya kai shi Turai da Amurka. Faifan da ya yi tare da wani makaɗin Amurka mai suna Ry Cooder a 1994 ya sa ya sami kyautar Grammy, wadda mawaƙan duniya ke rububin samu.

A daidai lokacin da kowa ke zaton zai tare a Landan ko Amurka ya ci gajiyar suna, sai ya tattara ya koma Niyafunke ya kama noman shinkafa da ban-ruwa a bakin kogi. Ya sha bayyana cewa shi manomi ne kafin ya zama mawaƙi, kuma yawan yawo a ƙasashen waje yana raba shi da tushen waƙarsa. Da kamfanin da ke buga faifansa ya matsu da son sabon aiki, dole ma'aikatansa suka ɗauko na'urorin ɗaukar murya da janareto suka bi shi har garinsu, aka kafa su a wani tsohon gini da aka daina amfani da shi. Sai ya gama aikin gona sannan yake zuwa a ɗauki waƙa. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin, kuma maganar da ke cikinsa ta shafi aiki da noma da ilimi da zaman jama'a, cikin harsunan mutanen bakin kogin irin su Songai da Fulatanci. A 2004 mutanen Niyafunke suka zaɓe shi magajin gari, ya riƙa sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanya da magudanar ruwa, har Allah Ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2006.

Abin lura a nan, uwargida, shi ne mutumin da ya ga manyan ɗakunan ɗaukar waƙa na duniya ya gane cewa na'ura ana iya loda ta a mota a kai ta ko'ina, amma muryar masunta da ta mata masu sussuka sai dai mutum ya je inda suke ya zauna.

Namu na gida

Ba sai mun tsaya a Mali ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ta ƙasar Katsina, a dandalin ƙauye ya fara waƙa yana saurayi, yana tallar goro daga wannan kasuwa zuwa waccan. Ya zauna a Bakori, ya zauna a Funtuwa, ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma duk inda ya sauka sai ya kwaso sunayen garuruwa da halayen mutanensu ya zuba a waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, wata tafiya ce da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ta sa ya ga makaɗa ya kuma haɗa kuntiginsa. Daga nan ya zama mai yi wa talaka waƙa, tun daga karen mota har zuwa matsalolin zaman aure da auren dole.

Sai kuma tamu, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, 'yar ƙauyen Gwaigwayi kusa da Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kayan kiɗanta ƙore ne kawai, wasu a kife a ƙasa, wasu a kife a kan ruwa, irin waɗanda ke cikin kowane tsakar gida. Maganarta kuma ita ce maganar da mata ke yi idan maza sun fita: kishi da haihuwa da neman sana'a da wautar macen da ta zauna ba ta da abin hannunta. Don me mata suka riƙa jin kamar ta leƙa ɗakunansu? Domin a cikinsu ta tashi, da kunnenta ta ji.

Ruwan Challawa

Yanzu mu dawo yammacin Jihar Kano. Idan ke 'yar Karaye ce ko Rogo, ko kuwa can dangin maigida suke, to kin san madatsar ruwan Challawa da ke ƙaramar hukumar Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992, tsayinta ya kai mita 42, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, kuma idan ta cika tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ruwa mai yawa haka ba ya zama wuri bai sauya rayuwar mutane ba. An tashi ƙauyuka, gonaki sun nutse, wasu manoma sun koma su da noman rani, kwalekwale kuma ya zama abin hawa a inda da ƙafa ko jaki ake bi.

Irin wannan ta faru ga mutanen ƙasar Yawuri tun kafin nan. Can akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga kalmar gungu yake, wato tsibiri, domin a tsibiran Kogin Kwara suke zaune. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da dama, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Garin da ruwa ya rufe ba a iya komawa a nuna wa jika inda rijiya take ko inda aka ɗaura auren kakarsa. Abin da ke saura shi ne sunaye da kirari da waƙoƙin da ke bakin tsofaffi.

To ki yi lissafi. Matar da take da shekara 30 a lokacin da aka gama madatsar Challawa, yau ta haura 60. Ita ce ta yi niƙa da daɓe a tsohon gari, ita ce ta san waƙar da ake yi wa amarya a can, da kirarin gidajen da yanzu suke ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan iyaye suna nan a Turawa da Yammedi da Kurugu, suna nan a Zarewa da Fulatan da Ruwan Bago, amma kullum raguwa suke yi. Duk wadda ta tafi, ta tafi da abin da ke kanta.

Me ya sa bakin ruwa ke wasa kunne?

Dalili na farko shi ne shiru. A birni kunnen yaro ba ya hutawa da ƙarar janareto da A Daidaita Sahu da talabijin. A ƙauyen bakin ruwa kuwa, da asuba zai ji kiran salla daga wancan ƙetare yana tahowa a kan ruwa, ya ji kukan tsuntsaye daban-daban, ya ji masunta suna kiran juna. Kunnen da ya saba rarrabe sauti shi ne yake gane inda kari ya karye a waƙa, kuma shi ne yake taimakon yaro wajen tajwidi.

Na biyu, aikin ƙauye kansa yana da kari. Mata uku a kan turmi guda suna lugude, kowace taɓarya da lokacin saukarta, wadda ta yi kuskure kuma sai taɓare su haɗu. Haka tuƙin kwalekwale, haka jan taru, haka sussuka da casa. Waƙar aiki ta samo asali ne daga nan, domin ita ke haɗa hannuwa su tafi tare, ta kuma rage gajiya.

Na uku, harshe. Yaron birni kifi kawai ya sani, amma ɗan bakin ruwa zai ce miki wannan tarwaɗa ce, wannan karfasa, wancan ragon ruwa, wancan kurungu. Ya san bambancin koma da birgi da taru, ya san aikin gora da na ƙugiya, ya san wane ne Sarkin Ruwa. A gonakin Rogo kuma zai ji yadda ake maganar rake da mazarƙwaila, da sunayen ciyayi da na iri. Mawaƙi da kalmomi yake gini, wanda yake da ɗari biyar kuwa ba zai yi gini irin na mai dubu biyar ba. Ko da yaron bai zama mawaƙi ba, wannan ce Hausar da za ta sa ya iya magana a gaban manya.

Na huɗu, jira. Inda sai kwalekwale ya cika ake tashi, mutane suna zama su yi hira. A nan ake jin karin magana da habaici da ba'ar taubasai da labarin shekarar da ruwa ya yi ambaliya. Yaron da ya zauna gefe ya yi shiru zai kwashi abin da babu shi a littafin makaranta.

Waƙoƙinmu na mata ina suka tafi?

Malaman Hausa irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun daɗe suna nazarin waƙar baka, kuma a cikin rabe-rabenta waƙoƙin mata suna da babban kaso: ta raino, ta niƙa, ta daka, ta daɓe, ta gaɗa, ta talla da ta biki. Ki duba da kyau, kowace a jikin wani aiki take rataye. Da injin niƙa ya shigo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa ta bi shi. Da siminti ya zo, aka daina tara mata daɓe. Dandali ya mutu a garuruwa da yawa, shantu ya zama abin kallo a bukin al'ada. Babu mai cewa mu koma niƙa da hannu, domin iyayenmu sun sha wuya, kuma sauƙi rahama ce. Sai dai a cikin waƙar niƙa ne mace take faɗin damuwarta ba tare da ta yi wa kowa rashin kunya ba, uwar miji ta ji ta gane, maigida ya ji ya gyara. A cikin waƙar raino ne jariri yake fara jin sunan kakanninsa da garinsu. Yau idan yaro ya yi kuka, waya ake miƙa masa.

Ina matsayin addini?

Na san wata za ta ce, mu da muke son 'ya'yanmu su yi karatun addini, me ya haɗa mu da waƙa? Tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma kowace sai ta bi abin da malamanta suka karantar da ita. Amma game da magana mai kari da ma'ana, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wasu 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha (RA) ranar idi, Sayyidina Abubakar (RA) ya so hana su, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Sahabbai sun riƙa rera baitoci suna haƙa ramin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, wannan kuwa waƙar aiki ce. Hassanu bin Sabit (RA) da waƙa ya kare Musulunci.

A nan ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis, wato shugabannin 'Yan Taru, suna zuwa wurinta daga ƙauyuka su haddace, su koma su koya wa sauran mata tauhidi da tsarki da tarihin Annabi (SAW). Ashe ke nan hanya tsakanin ƙauye da waƙa mai amfani tsohuwa ce a wurinmu. Ma'aunin dai shi ne abin da waƙar ke faɗa da wurin da ake yin ta. Wadda ke da batsa ko zagi ko cin mutunci, ko a ƙauye aka jiyo ta, a bar ta can.

Yadda za ki shirya tafiyar

Da farko ki shawarci maigida, ku zaɓi lokaci tare. Hutun ƙarshen shekara ya fi dacewa, domin kaka ta yi, abinci ya wadata, hanya ta bushe, ana kuma bukukuwa. Ku tuntuɓi dangin da ke can game da lafiyar hanya kafin ku tashi, ku kuma yi tafiyar da rana. Kada ki je hannu rabbana: sabulu da sukari da turmin atamfa ga tsohuwa suna buɗe baki fiye da tambaya.

Idan kun isa, ki rage wa yara waya. Ki bar 'yarki ta bi gwaggonta wajen sussuka, ɗanki ya bi kawunsa gona ko wajen gyaran koma. Da dare ki zauna kusa da Inna ko Iya, ki ja ta da hira a hankali: “Inna, wace waƙa kuka yi wa Yaya ranar kamunta?” Tsofaffi sukan ji nauyi da farko, su ce sun manta ko sun tuba. Kada ki matsa. Ki fara rera ɗan abin da kika sani, ko da kuskure, za ki ga ta gyara miki, daga nan sai bakin ya buɗe. Ki nemi izininta kafin ki ɗauka a waya, ki kuma yi mata alkawarin ba za ki watsa a Facebook ko TikTok ba sai da yardarta da ta 'ya'yanta. Ki sa babbar 'yarki ta rubuta a littafi: sunan mai waƙar, garin da ta koya, lokacin da ake yin ta, da ma'anar kalmomin da ba ku gane ba.

Sai maganar ruwa, wadda ba ta son wasa. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Kada ki yarda 'ya'yanki su shiga jirgin da aka cika maƙil, ko bayan magariba, ko lokacin da hadari ya haɗo. Idan akwai rigar kariya ta ruwa, a sa musu. Yaro ba ya zuwa bakin ruwa sai da babba.

Ki kuma hana su wanka da wasa a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi, ta huda fata ta shiga jiki, bayan wasu makonni sai a ga jini a fitsari. Idan kin ga haka bayan kun dawo, ki kai yaro asibiti ki faɗa musu inda kuka je, akwai maganinta. Ki tafi da gidan sauro, ki kuma tafasa ruwan sha ko ki tanadi mai tsabta.

Idan kin ga alamar baiwa

Bayan kun dawo, wataƙila ki ji 'yarki tana jera baitoci a kan kakarta ko a kan masu jan taru. Kada ki yi mata dariya, kada kuma ki kwatse ta. Mahaifin Shata bai so ɗansa ya yi waƙa ba, shi ma Ali Farka Ture da farko bai so ɗansa Vieux ya gaje shi ba, sai daga baya ya sa masa albarka. Tsoron iyaye yana da dalili, domin harkar waƙa tana da ramuka, musamman ga 'ya mace. Amma baiwar da aka danne a gida takan fita ta taga ta faɗa hannun da ba na ƙwarai ba. Gara ki zama ke ce mai sauraronta ta farko. Ki saya mata littafin rubutu, ki haɗa ta da malamar Hausa ko ta Islamiyya da za ta nuna mata ƙafiya da ma'auni, ki ƙarfafa mata gwiwa ta yi waƙar walimar sauka ko ta bikin makaranta. Ki riƙa tambayarta: wannan baitin me yake koyarwa, kuma za ki iya rera shi a gaban Baba? Karatu kuma shi ne gaba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwargida, hutu na tafe. Kafin ya zo, ki ɗauki waya ki kira tsohuwar da ta rage a danginku ko dangin maigida, ki gaishe ta, ki ce mata kuna nan zuwa da jikoki. Kin sada zumunci, kin sami lada, yara kuma za su dawo da guzurin da ba ya ƙarewa.

Allah Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya da nisan kwana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.